Darasi na Bakwai: Injin Ƙyanƙyasa da Ya Saɓa wa Zafin da Aka Sa Masa

A Ingila da Kanada da sauran ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, da wuya a shiga gida ba a ga wata 'yar na'ura manne a bango ba, wadda ake kira tamostat. Mai gida zai murɗa ta zuwa ɗumin da yake so, ita kuma ta riƙa kunna wutar ɗumama ɗaki idan sanyi ya shigo, ta kashe idan ɗumi ya kai. Mu nan Dutsin-Ma da Kurfi, idan hunturu ya tsananta, kaskon wuta da bargo ne maganinmu. Amma na'urar tana nan cikin gidajenmu. Ita ce ke yin ɗan ƙarar nan a cikin dutsen guga na lantarki idan ya ɗau zafi, ita ce ke tsayar da firij ya huta, tana kuma cikin injin mota a bakin hanyar ruwan da ke zuwa lagireto. Inda kuskurenta ya fi ciwo shi ne injin ƙyanƙyasar ƙwai. Tun da aka buɗe jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011 masu cin kaji da ƙwai suka ƙaru a garin, 'yan tsakin gidan gona kuwa daga nesa ake kawo su, irin su Ibadan da Jos. Shi ya sa ake samun matasa da matan aure masu ƙyanƙyashe na gida da kansu, wani da tsohon injin da ya saya na hannu, wata da akwatin da kafinta ya haɗa, wani kuma da mataccen firij da aka sa wa hita da fanka. Dutsen guga ko ya zarce da digiri goma ba wanda zai sani. Injin ƙyanƙyasa kuwa idan ya kauce da digiri ɗaya har mako uku, ranar fashewa za a kwashi baragurbi.

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabo a kwana 26 zuwa 28, na talo-talo a 28, na agwagwar gida irin tamu a wajen 35. Duk zafin da suke so kusan ɗaya ne: digiri 37.5 a ma'aunin Salsiyos idan injin yana da fankar da ke juya iska, ko tsakanin 38 da 39 a daidai saman ƙwai idan babu fanka. Idan zafi ya haura 40 ya daɗe na wasu sa'o'i, ɗan tsako na mutuwa a ciki. Idan ya yi ƙasa kaɗan ba ya mutuwa nan take, sai dai girmansa ya yi nawa, ya fito a makare, a raunane. A kula da wani abu tun ba a yi nisa ba: tsofaffin injinan da aka ƙera a Amurka da ma'aunin Faranhait suke lissafi, inda 99.5 yake daidai da 37.5 namu. Wanda ya ga 99 a fuskar injinsa kada ya firgita, kada kuma ya nemi 37 a wurin.

Abin da darasin nan ya ginu a kai shi ne, tamostat ba ta san zafin akwati ba, balle na ƙwai. Zafin ɗan wurin da bakin sensarta yake shi kaɗai ta sani, iyakar ikonta kuma ta kunna ko ta kashe. Haka take tun asali. Wajen 1620 wani mutumin Holan mai suna Cornelis Drebbel ya haɗa akwatin ƙyanƙyasa wanda zaiba ke motsa marfin hanyar wuta idan zafi ya ƙaru. A 1830 Andrew Ure na Sikotilan ya ƙera tamostat da dabarar manna ƙarfe iri biyu wuri ɗaya, waɗanda zafi ba ya buɗa su daidai da juna, saboda haka idan sun ɗumama sai su lanƙwashe. Ita ce dabarar da ke cikin dutsen guga har yau, inda lanƙwasawar ke raba mahaɗin wuta. Wajen 1880 Charles Hearson a Ingila ya sa wani ɗan faifan ƙarfe mai ruwa a ciki, wanda ke kumbura idan zafi ya kai, ya ɗaga marfin fitila, kuma jikokin wannan faifai su ne ke cikin tsofaffin injinan da ake kira masu wefa. Na zamani irin su W1209 da STC-1000 da XM-18, waɗanda ake samu a shagunan kayan lantarki na Katsina da Kano, sensa gare su a bakin waya da fuska mai nuna lamba. Shekara ɗari huɗu ke nan ana sake siffa, aikin bai sake ba. Saboda haka idan aka ce injin ya ƙi tsayawa kan lambar da aka sa masa, laifin na iya zama na tamostat, amma sau da yawa ita gaskiyarta take faɗa game da wurin da aka ajiye ta, ko kuma an ɗora mata aikin da kunnawa da kashewa ba za su iya ba.

Matakin farko shi ne neman shaida. Lambar da ke fuskar injin maganar tamostat ce a kan kanta, ba a kuwa yanke hukunci da bakin wanda ake tuhuma shi kaɗai. Shaidar da ta fi dacewa tana kantin magani, ba ta da tsada: ma'aunin zafin jiki na asibiti. An ƙera shi ne domin ya auna tsakanin 35 da 42, da ƙyar yake wuce kuskuren kashi ɗaya ko biyu cikin goma na digiri, wannan kuwa shi ne daidai yankin da ƙwai ke bukata. Ma'aunin bango mai arha ba ya yin wannan aiki, don yana iya kaucewa da digiri ɗaya ko biyu. A cika 'yar kwalba da ruwa, a rufe, a ajiye ta a tire inda ƙwai ke zama, a bar injin ya yi aiki na aƙalla sa'a shida babu ƙwai a ciki, sannan a buɗe da sauri a tsoma ma'aunin a ruwan. Dalilin sa ruwa shi ne iska tana hawa da sauka kowane minti, ruwa kuwa kamar ƙwai yake, a hankali yake ɗaukar zafi, a hankali yake sakinsa, don haka abin da ya nuna shi ne abin da ɗan tsako zai ji. Idan ma'aunin mai zaiba ne a kaɗa shi ya sauka kafin kowane awo, domin yakan tsaya kan lamba mafi girma da ya taɓa kaiwa. Kwalba ɗaya kuma ba ta isa ba. A sa ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da ƙofa, ɗaya a lungun baya, idan tire ya fi ɗaya a sa a sama da ƙasa.

Abin da kwalaben suka nuna shi zai raba hanya. Idan duk sun yi daidai da juna amma sun saɓa wa fuskar injin da adadi ɗaya safe da yamma, misali fuska na cewa 37.5 ruwa na cewa 36.8, to sensa ce ta karkace, gyaranta kuma mai sauƙi ne. A W1209 wurin gyaran shi ne P4, a STC-1000 kuma F4. Sai a rage 0.7 a wurin domin fuskar ta riƙa faɗin gaskiya. Idan kuwa kwalaben sun saɓa wa junansu, ta sama tana 39 ta ƙasa tana 36, kada a taɓa tamostat. Iska mai zafi sama take hawa, kuma babu lambar da za a sa wadda za ta gamsar da tiren sama da na ƙasa lokaci ɗaya. A duba fanka: ko ta mutu, ko ƙurar hunturu da gashin 'yan tsakin da suka gabata sun toshe ta, ko an cusa ƙwai har iska ba ta da hanyar wucewa. Daga nan a duba inda sensa take. Sensar da ke rataye kusa da hita za ta ji zafi tun ƙwai ba su ji ba, ta kashe wuta da wuri, ƙwai su kwana cikin sanyi alhali fuska na nuna 37.5. Wadda ta zame ta taɓa bangon akwati, ko ta faɗa kusa da ramin shan iska ko kan kwanon ruwan da ake sawa don laima, za ta riƙa jin sanyi, ta bar hita tana ci har ƙwai su dahu. Wurinta shi ne daidai tsayin saman ƙwai, a tsakiyar tire, ba ta taɓa komai, ba ta kuma kallon hita kai tsaye. Masu gidajen Turai sun san wannan matsala: tamostat da aka kafa a bangon da rana ke bugawa, ko kusa da madafa, takan bar sauran ɗakuna cikin sanyi, ita kuwa lafiyarta ƙalau.

Akwai kuma injin da matsakaicin zafinsa daidai ne amma yana lilo, ya hau 39 ya sauko 36. Kowace tamostat tana da tazara tsakanin inda take kashewa da inda take sake kunnawa, don in babu ita mahaɗin wuta zai yi ta ƙyafƙyafta har ya ƙone. Ƙananan na'urorin nan an yi su ne don ayyuka iri-iri, har da firij, saboda haka wasunsu kan zo daga kamfani da tazarar digiri biyu. Firij bai damu ba, ƙwai sun damu. A rage tazarar zuwa 0.3 ko kusa da haka, a P1 ga mai W1209, a F2 ga mai STC-1000. Mai W1209 ya kuma leƙa P0 ya tabbata harafin H ne a wurin, wato ɗumamawa, domin idan C ne na'urar aikin sanyaya take yi, sai zafi ya hau take kunna wuta. Ko an gyara wannan duka, hitar da ta fi ƙarfin akwati za ta ci gaba da zarcewa, saboda ƙarfen da ya yi ja ba ya hucewa don an yanke masa wuta, kamar yadda tukunya ke ci gaba da tafasa bayan an janye itace. Tsofaffin tamostat na bango, irin zagayayyar nan da kamfanin Honeywell ya fitar a 1953, har wata 'yar waya suke da ita a ciki mai ɗumama su kaɗan domin su kashe wuta kafin ɗaki ya kai, saboda wannan zarcewar. A akwatin gida maganin ya fi sauƙi: ƙaramar hita mai daɗewa a kunne ta fi babba mai zabura, kuma 'yan kwalaben ruwa a rufe a ƙasan akwati suna rage lilon.

Inda ƙasarmu ta fi shiga maganar shi ne lokutan shekara. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, sai hita ta cike gibin da ya wuce digiri ashirin. Idan aka ga fitilar tamostat a kunne dare farai ba ta mutuwa, zafi kuma ya tsaya a 35, ita ta yi iyakar abin da za ta iya. Hita ce ta gaza, ko akwatin na zubar da zafi ta ƙofar da robarta ta saki. Ƙara lamba zuwa 40 ba zai ƙara wa hita ƙarfi ba, illa dai idan rana ta fito injin ya bi sabuwar lambar ya halaka ƙwan. A nan ne kuma raunin wutar gari ke shigowa. Ƙa'idar wutar Nijeriya bolt 230 ce, zafin da wayar hita ke bayarwa kuma yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi: a bolt 180 kusan kashi 61 cikin ɗari ne ke saura, a 160 bai kai rabi ba. Hita mai wat 100 ta koma ta wat 48 ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Mai sola da batir shi ma ya lura da ƙarshen dare, lokacin da batir ya yi ƙasa sanyi kuma ya fi tsanani. Bazara kuma akasin haka take kawowa. A Afrilu da Mayu zafin rana na haura 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano ba silin ya fi haka, alhali ƙwai 37.5 suke so. Tamostat ta kashe hita tun hantsi, ba ta da sauran dabara, don ba a ba ta abin sanyayawa ba. Ga shi kuma daga tsakiyar kwanci 'yan tsakin kansu suna fitar da zafin jiki, wanda ke ƙaruwa sosai a makon ƙarshe. Maganin wannan a wajen injin yake: a mayar da shi ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ko wanda ke da silin, nesa da taga da bangon yamma, a buɗe ramukan iska, a yayyafa ruwa a daɓe.

Sai bayan an kawar da waɗannan ne ake tuhumar tamostat kanta, kuma alamunta ba sa ɓuya. Faifan wefa idan ya tsufa ruwan cikinsa na tsiyayewa, ya daina kumbura yadda ya kamata, sai a ga kullum ana ƙara murɗa sukuru zafi kuma na ƙara hawa. Ba a gyara shi, sakewa ake yi. Mahaɗin wuta, ko na ƙarfe biyu ko ɗan makunnin da ke ƙara a cikin na zamani, yana yin baƙi saboda tartsatsi, wani lokaci ya ƙi haɗuwa, wani lokaci ya manne ya ƙi rabuwa. Na biyun ya fi haɗari, domin fuska za ta nuna an kashe alhali hita na ci. A cire filogi daga soket tukuna, a goge mahaɗin da takarda mai tsabta, a hure ƙura. Wanda ya riga ya narke sai sabo. Lambar da ke tsalle daga 37 zuwa 20 ta dawo cikin daƙiƙa ɗaya ba zafi ba ne ke yin haka, wayar sensa ce ta kusa tsinkewa, galibi a inda ƙofa ke matse ta, ko laima ta shige ta. Wanda kuma ya ci karo da tsohuwar na'ura mai 'yar kwalbar zaiba a ciki ya sani ita sai an kafa ta a miƙe sak take faɗin gaskiya, ya kuma kiyaye fasa ta, don zaiba guba ce.

Wani zai ce wannan duk wahala ce, tunda sabuwar tamostat ba ta kai kuɗin kiret biyu na ƙwan zabo ba, a sake ta kawai a huta. Idan ita ce ta lalace, gaskiyarsa. Amma sabuwar da aka rataya a wurin tsohuwa, kusa da hita ɗaya, cikin ɗaki ɗaya, da matacciyar fanka ɗaya, abin da tsohuwar ta yi shi za ta yi, kuma asarar ba kuɗin na'urar ba ne, ƙwan da aka zuba ne da mako uku ko huɗu da suka tafi. Ga mai zabi abin ya fi zafi, don zabi da damina suke zuba ƙwai, wanda ya ɓata zubi biyu ya ci rabin lokacinsa. Sabuwa ma ba a san gaskiyarta ba sai an gwada ta da kwalbar ruwa. Wani kuma zai ce ai kaza ba ta da ma'auni, iyayenmu mata sun daɗe suna sa wa kaza ƙwan zabo ta fitar, a Masar ma an yi ɗaruruwan shekaru ana ƙyanƙyasa a ɗakunan ƙasa, masu aikin na ɗora ƙwai a fatar ido su gane zafinsa. Wannan ƙin yarda ya fi na farko nauyi, kuma akwai darasi a cikinsa. Jikin kaza kusan digiri 41 yake, ba ya sauka don an ɗauke wuta, tana juya ƙwanta, tana tashi idan zafi ya yi yawa. Ita kanta ma'auni ce da hita da fanka a haɗe. Mutanen Masar kuwa sana'ar gado ce gare su, a cikin ɗakin suke kwana, kuma ƙwan suke aunawa, ba iskar da ke kusa da wuta ba. Kwalbar ruwa da ma'aunin asibiti hanya ce ta yin abin da suke yi ga wanda bai gaji fatar idonsu ba.

Shawarar da ya kamata a ƙi gaba ɗaya ita ce ta haɗa waya kai tsaye a tsallake tamostat, a riƙa kashewa da hannu. An saba da irin wannan a garejin mota, inda ake cire tamostat a jefar da sunan wai ta ƙasar sanyi ce, alhali sau da yawa lagireto ne ya toshe ko fanka ta gaza. Injin motar ya koma aiki cikin sanyi da safe, yana shan mai fiye da kima. A mota asarar a hankali take zuwa. A akwatin katako mai hita a ciki, gyangyaɗi ɗaya ya isa a rasa ƙwan, wani lokaci har da ɗakin.

Ƙwan da kansu suna ba da labarin zafin da suka sha, ga wanda ya rubuta ranar da ya zuba su. Idan na kaza suka fara fashewa a kwana na 19, 'yan tsakin ƙanana, cibiyarsu ba ta rufe da kyau ba, zafi ya yi yawa. Idan sai kwana na 22 ko 23 suka fara, sanyi ne. Idan na wani gefen tire suka riga na wani gefen da yini guda, matsalar iska ce. A haɗa da laima kafin a yanke hukunci: kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari ake so har kwana na 18, ranar da ake daina juya ƙwai, sannan 65 zuwa 70 a kwana ukun ƙarshe. Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, ɗan tsakon da ya huda ɓawo ya maƙale a busasshiyar fata ƙishirwar akwati ce ta kama shi, ko da tamostat ba ta kauce da ɗigo ba.

Aikin wannan mako: ku haɗu uku-uku a gidan wanda ke da injin, ku kunna shi babu ƙwai, da kwalaben ruwa uku a wurare daban-daban. Ku auna bayan sallar asuba, da azahar, da bayan isha'i, kwana biyu a jere. Kowane awo ku rubuta lambar fuskar injin, da ta kowace kwalba, da ko fitilar hita na kunne ko a kashe, da irin wutar da ake amfani da ita a lokacin. Kada kowa ya murɗa komai kafin kwana biyun su cika. Ku zo da takardar aji na gaba, kowace ƙungiya ta faɗi abin da take tuhuma da lambar da ta sa ta tuhume shi.